Barewa Tana Zafi, Baba Yana Nuna Ƙasa

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, don Allah ka taimake ni, domin na rasa inda zan kai wannan kuka. In na kai wa bakanike sai ya ce maganar gida ce, in na kai wa 'yan gidanmu sai su ce maganar mota ce, ni kuma na kasa raba ɗaya da ɗaya. Na san ka daɗe a gareji kafin ka koma ba da shawara a wannan fili, shi ya sa na ce bari in gwada ka. Ka yi haƙuri in na yi ta kwana-kwana, haka kaina yake a 'yan kwanakin nan.

Ni ce auta a gidanmu. Akwai Yaya Babba, akwai yayata da ke aure a nesa, sai ni. Mahaifinmu ya yi ritaya daga aikin safiyo. Tun kafin a haife ni yake da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin motocin gudun nan masu kwanciya da ƙasa, waɗanda sai ka naɗe kanka kafin ka shiga. Barewa yake ce mata. Tafiyar da ta yi, in ka dubi mitarta sai ka ce ƙarya ce. Shi yake mata komai da hannunsa, bai taɓa yarda wani ya kwance mata ko noti ɗaya ba ya wurin ba. Mama takan tsokane shi ta ce da mota tana magana da ita za mu riƙa tambaya abin da ke ransa. A cikinta ya koya mini tuƙi, kuma duk gidan ni kaɗai ya taɓa miƙa wa makullinta da kansa. Yaya har yau bai manta da wannan ba, ko da yake yana mayar da shi wasa.

Bara waccan Baba ya samu bugun jini. Ɓarinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana gani, amma in ya buɗe baki kalma ba ta fitowa, sai sauti kawai. Mun sa masa biro a hannun hagu, haruffan ma suka ƙi haɗuwa. Mutumin da in ya fara labari sai abinci ya huce a gabansa, ya koma kwance yana kallon silin.

Matar da ke zuwa yi masa gashi ce ta ce mu riƙa fita da shi ya sha iska. Mun fara da motar Yaya, mai faɗi da sanyi, Baba ya rufe ido tun daga ƙofar gida har muka dawo. Sai na ce a gwada Barewa. Kowa ya ce ban da hankali, domin shigar da shi kaɗai aiki ne na mutum biyu. Amma Kawu, ranar da muka wuce shataletalen ƙarshe muka hau buɗaɗɗiyar hanya, sai na ji hannunsa na hagu a kan nawa, a kan giya. Ya ɗan bubbuga mini hannu, na canja giya, ya sake bubbugawa daidai lokacin da inji yake neman ta gaba. Na juya na ga rabin fuskarsa yana murmushi. Sai da na tsaya a gefen hanya na share hawaye kafin na iya ci gaba. Tun daga nan duk ranar da ba ni da aiki a kantin maganin da nake, da yamma muna fita. Ranar fita yakan ci abincinsa duka, ya yarda a yi masa aski, ya nuna rigar da yake so.

Haka muke har farkon zafin bana. Wata rana muna tafe a buɗaɗɗiyar hanyar nan na ga allurar zafi tana hawa a hankali. Kafin in samu wurin tsayawa ta kusa taɓa ja, ina tsayawa tururi ya taso ta gefen bonet. Ban buɗe murfin lagireto ba, domin Baba ya sha ja mini kunne a kan haka tun ina koyo. Muka zauna a rana, babu inuwa, ga shi ba zan iya fito da shi ni kaɗai ba. Ina yi masa fifita da kwali, gumi yana zuba masa har cikin ido. Da Yaya ya iso bai ce mini uffan ba, ya ɗauki Baba cak ya sa a motarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan aka shiga yawon gareji. Bakanike na farko ya cire tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita ɗumin inji, ya nuna mini a tafin hannunsa, ya ce wannan abin mutanen ƙasashen sanyi ne, mu ba ya mana amfanin komai. Na fita da ita ni kaɗai, ta sake zafi. Na biyu ya haɗa fanka kai tsaye, da an murza makulli sai ta kama juyawa, ya canja murfin lagireto, ya bar motar tana aiki a tsaye har na gaji da zama, allura ko motsi ba ta yi ba. Ya dube ni ya ce Hajiya wataƙila ƙafarki ce take da nauyi. Maganar ta ƙona mini rai, domin wanda ya koya mini tuƙi ya fi shi sanin mota nesa ba kusa ba. Na fita, ta sake zafi. Na uku bai ma tayar da ita sosai ba, ya dubi mita ya girgiza kai, ya ce gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, sai an sauke kan inji, kuma ba ya ba da tabbacin abin da za a tarar a ciki.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a cikin gari ba ta taɓa yi ba. In shiga cunkoso da tsakar rana, a yi ta rarrafe, allura tana nan a tsakiya. Sai na fita gari na taka ta, a inda iska take kaɗawa, a nan take hawa, in na rage gudu kuma sai ta fara sauka. Ruwa ba ya raguwa sai ranar da ta tafasa. Baƙin mai yana nan da kalarsa, hayaƙin salansa bai canja ba. Na faɗa wa dukkansu haka, kowa ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da ya riga ya yi niyya.

Yanzu Yaya ya ce an gama. Ya samo wani mai sayen tsofaffin motoci yana farfasawa ya sayar da kayan, zai zo ƙarshen wata. Ya ce ba zai zuba ido in kashe masa uba a gefen titi saboda ƙarfen da ya gama zamaninsa ba. Kada ka ɗauka mugu ne, Kawu. Shi yake yi wa Baba wanka. Da bayansa ya fara ciwo saboda ɗaukar Baba a matakala, shi ya tsaya a kan magina suka yi gangaren siminti daga ƙofar falo har tsakar gida don keken Baba, dab da shigowar zafin nan. Bakin gangaren ya ɗan shigo hanyar da mota take fita, to da yake Barewa a ƙasa take, wata baƙar roba mai kama da leɓe da ke ƙarƙashin bambarta ta riƙa gogawa har ta yage ta gefe tana jan ƙasa. Shi da kansa ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya cire ta da filaya don kada ta dame ni, ya jefa ta bayan tankin ruwa. Mutumin da yake irin wannan ba za ka ce ba ya ƙaunarmu ba. Amma in ya yanke magana ya yanke.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Tun da wannan abu ya fara, duk lokacin da aka fito da Baba tsakar gida sai ya matsa a tura kekensa gaban motar. Yana zuwa sai ya miƙa hannun hagu yana nuna ƙasa, yana dukan hannun keken, yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu har jijiyar wuyansa ta tashi. Na ɗauka yoyo yake nuna mini, na shimfiɗa kwali a wurin ya kwana, ko ɗigo babu. Mama ta ce ƙasa yake nunawa, yana gaya mana lokacinsa ya yi ne, sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Yaya ya ce mu daina yaudarar kanmu, ciwon ya fara taɓa masa tunani, kuma ganin motar ne yake tayar masa da hankali, gara a kawar da ita daga idonsa. Yanzu an daina tura shi wajen. Ya koma juya fuska bango, abincin ma sai an yi da gaske.

Ni kuma na rasa gaskiyar wa zan bi. Wani lokaci in ce Yaya ne mai hankali, ni son zuciya ne yake ja na, domin waɗannan fitar su ne kaɗai lokacin da nake jin mahaifina ya dawo. Wani lokaci kuma in ce in aka ja motar nan aka fitar da ita ta ƙofar gida yana kallo, ba zai daɗe a bayanta ba. Ina tsoro ƙwarai, Kawu. In yarda a sauke kan injin ne, ko in sakar wa Yaya ya sayar? Kuma yaya zan yi da Baba?

Taka,
Direbar Baba

*

'Yata Direbar Baba,

Allah Ya ba mahaifinku lafiya, Ya saka muku da alheri ke da yayanki. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, na koma na sake, kuma ina ganin amsar da kike nema tana cikinta, kin rubuta ta da hannunki kina yabon yayanki. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Mota mai zafi, tambayar farko ba shekarunta ba ne, ba kuma abin da mita ta nuna ba. Tambayar ita ce, yaushe take zafin? Wadda ke zafi a tsaye ko a cunkoso, ta huce in an hau hanya, a fara zargin fanka. Wadda take lafiya a tsaye, sai an taka ta take zafi, fanka ba ta da laifi. Dalili kuwa, a tsaye fanka ce ke jawo iska ta ratsa lagireto, amma da an ɗauki gudu aikin ya fi ƙarfinta, iskar hanya ce ke karɓa. Taki ta biyun ce. Bakaniken da ya bar ta tana aiki a gareji ya gwada ta ne a inda ba ta da ciwo, shi ya sa ya ga lafiya lau ya koma zargin ƙafarki. Wannan ɗabi'a ce ta yawancinmu, ni ma na yi zamani da ita: mota ta zo, a gwada ta a inda take tsaye, domin babu mai son barin gareji ya bi hanya.

To me ke hana iskar hanya isa lagireto? Da yawa daga cikin motocin gudu masu kwanciya da ƙasa ba su da babban baki a gaba, ta ƙasa suke shaƙar iska. Wannan baƙar roba da kika ce mai kama da leɓe ba ado ba ce. Ita ke tare iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota ta tura ta sama ta ratsa lagireto. In babu ita, iska sai ta wuce abinta ta ƙasa, inji yana aiki tuƙuru babu mai sanyaya shi. Ki lura da lokaci: an yi gangare, an cire roba, sannan mota ta fara zafi. Wataƙila kin ɗora laifin a kan zafin gari ne saboda tare suka zo.

Ban ga motar ba, don haka ba zan rantse ba. Akwai wasu abubuwan da ke kawo irin wannan alama a tsohuwar mota: lagireton da ya toshe ta ciki saboda ruwan famfo na shekaru, ko datti da ya cushe shi ta waje, ko famfon ruwan inji da fukafukansa suka cinye, ko tiyon ƙasa da ya yi laushi yana shaƙewa in inji ya ɗau gudu. Amma mai hankali yana farawa da abin da ya canja kwanan nan, kuma da mafi sauƙi. A mayar da robar, in ta yage da yawa a nemo irinta ko a yanka wata daidai girmanta. A mayar da tamostat sabo, domin cire shi ba ya maganin zafi, sai dai ya ɓoye alama ya hana inji aiki a ɗumin da aka ƙera shi a kai. A mayar da fanka yadda take. A wanke lagireto ciki da waje, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Sannan a sa katako ko a ɗan fashe bakin gangaren, don kada a koma gidan jiya.

Maganar gaskit kuma, kada ki yarda a sauke kan inji a kan zato. Amma kada ki yi watsi da ita, domin motar ta yi zafi ba sau ɗaya ba, har ta tafasa, kuma tafasa tana iya haifar da abin da da babu shi. Alamun da kika bayar suna da daɗin ji: ruwa ba ya raguwa, mai bai koma kamar madara ba, babu farin hayaƙi. Duk da haka a gwada. Da safe inji yana sanyi a buɗe murfi, a tayar, a duba ko kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa. Akwai kuma garejin da ke da abin gwajin da ke nuna ko hayaƙin inji yana shiga cikin ruwa, ba tare da an kwance komai ba. Bayan nan ki hau hanyar nan da bakanike a gefenki, ba da Baba ba, ku yi gudun da kika saba, fiye da sau ɗaya.

Yanzu yayanki. Yana da gaskiya a babban abu, kuma ina so ki faɗa masa haka da bakinki. Mai irin ciwon mahaifinku bai kamata ya zauna a rana a gefen titi ba, abin da ya faru ranar nan yana iya zama ajali. Fushinsa tsoro ne. Ko motar ta warke, kada ki ƙara fita da Baba sai da ruwan sha, da waya mai caji, da wanda ya san inda kuka nufa, kuma da sanyin yamma. In gwaji ya nuna injin ya tafi, to kada ki riƙe abin da ba ya riƙuwa. Sa'ad da za ki yi masa maganar robar kuma, ki tauna kafin ki furta. Mutum ya kwanta a ƙasa don ya sauƙaƙa miki, in kika je masa da kai ne ka jawo, kin samu mota kin rasa ɗan'uwa. Ke da shi da Mama da bakanike uku duk kun wuce ta gaban wannan wuri ba ku gani ba. Ki roƙe shi ya ɗaga zuwan mai sayen, kuma in da hali, shi ya mayar da robar da hannunsa.

Inda bai yi daidai ba shi ne yanke hukunci a kan dukiyar mutumin da yake raye yana kallonku. Rashin magana daban, rashin hankali daban. Likitansa ne zai faɗi iyakar abin da ciwon ya taɓa, ku tambaye shi. Amma ni dai na san wanda yake jin kukan inji ya bubbuga hannu daidai lokacin canja giya, tunaninsa bai tafi ko'ina ba. Ku koyi yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, ya matsa hannu ko ya girgiza kai, ku ba shi lokaci, kada wani ya ƙarasa masa. Sayarwa ko bari, shi za a tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan mutum ya fi kowa a duniya sanin ƙarƙashin motar nan.

Saboda haka kafin ki je kowane gareji, ga abin da nake so ki yi. Ki zagaya bayan tankin ruwa ki ɗauko robar, ki wanke ta. Ki kira Mama da Yaya su tsaya. Ki tura keken Baba gaban Barewa, wurin da aka hana shi zuwa, ki ɗora masa ita a cinya, kada ki ce komai, ki dubi fuskarsa. In na yi kuskure, kin yi asarar ruwan wanki ne kawai. In kuwa na yi daidai, to duk watannin nan ba kabarinsa yake nuna muku ba. Gyaran motarsa yake gaya muku, da iyakar abin da ya rage masa na faɗa, kuma a gidan babu wanda ya tsaya ya ji.

Ku ba shi haƙuri. Allah Ya sa ki sake jin hannunsa a kan naki.

Naki,
Kawu